Kwana Biyu a Tucson, Garin Linda Ronstadt

Muryar Linda Ronstadt na fara sani, sunanta sai daga baya. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da wani kaset a motarsa a Kaduna mai hoton mata uku a bango. Ɗaya kawai ya sani a cikinsu, Dolly Parton, domin a wancan zamanin ita da Don Williams da Kenny Rogers kullum suna bakin gidajen rediyonmu. In muka ɗauki hanyar Zariya ranar Asabar, yakan tura kaset ɗin, idan aka zo wurin da wata murya mai kauri ta karɓi waƙar sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ku yi shiru, ga mai ƙirjin nan ta zo." Sai da na girma na san cewa faifan na shekarar 1987 ne, ta biyun Emmylou Harris ce, mai ƙirjin kuwa ita ce Linda.

Saboda haka da Allah ya kai ni Phoenix, a jihar Arizona ta Amurka, bara da damina, wajen ƙanena da ya yi shekara ashirin da 'yan kai a can, na ce masa in dai zan roƙi abu ɗaya to a kai ni Tucson. Shi aiki ya riƙe shi. Babbar 'yarsa ce ta ɗauki makullin mota. A can aka haife ta, tana jin Hausa sarai in an yi mata, amma amsar da Turanci take fitowa, sai dai gaisuwa da "to, Gwaggo". Wannan abu ya daɗe yana ci min rai, ban taɓa faɗa wa uban ba.

Daga Phoenix zuwa Tucson kusan kilomita 180 ne, ba mu cika awa biyu ba. Sunan garin ma ba yadda aka rubuta ake faɗarsa ba, "Tusan" suke cewa. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce cikin hamadar Sonora, duwatsu na can nesa sun yi shuɗi. Abin da ya riƙe min ido shi ne wata itaciya mai ƙaya da suke kira sawaro. Ba ta da ganye ko ɗaya, doguwa ce kamar turken wuta, da rassa biyu ko uku da suka lanƙwasa sama kamar mutum ya ɗaga hannu yana addu'a. Sai ta yi shekara hamsin zuwa saba'in kafin ta fitar da reshen farko, tana kuma iya wuce shekara 150 a raye. Zafin ranar ya haura digiri 40. Da na buɗe ƙofa a gidan mai, iskar da ta buge ni irin ta Sakkwato ce a watan Afrilu.

Wurin da muka fara tsayawa tashar bas ce a tsakiyar gari, a kan titin Congress. Sunanta Ronstadt Transit Center. 'Yar ƙanena ta ɗauka don mawaƙiyar aka sa sunan, na ce a'a, na gidansu ne, domin a wannan wuri shagon kakanta yake a da. Na zauna a kan benci cikin inuwa ina kallon bas-bas suna shiga suna fita. Ga ma'aikata da rigunan aiki, ga tsofaffi da jakunkunan cefane, ga kuma waɗanda da gani ka san titi ne makwancinsu, sun jingina da bango suna jiran rana ta yi sanyi. Rabin hirar da ke tashi a wurin da Sifaniyanci ake yin ta.

Kakan nata, Federico Ronstadt, an haife shi a jihar Sonora ta Meksiko a 1868. Ubansa Bajamushe ne injiniya da ya zo Meksiko ya auri 'yar ƙasa. A 1882, yana ɗan shekara 14, aka kawo shi Tucson koyon ƙira da haɗa keken doki. Yaron maƙera ya zama mai gidan kansa, keken dokinsa ya yi suna har cikin Meksiko, da zamanin mota ya zo ya koma sayar da kayan ƙarfe da na noma. Kuma makaɗi ne: shi ya kafa wata ƙungiyar kiɗa a garin mai suna Club Filarmónico, ya koya wa membobinta busa da kiɗa. Mutum ya tuna cewa Tucson ɗin kanta ƙasar Meksiko ce har zuwa 1854, lokacin da Amurka ta sayi yankin a kan dala miliyan 10. Iyakar ce ta matsa kudu, mutanen da harshensu suna nan inda suke.

A cikin wannan iyali aka haifi Linda ranar 15 ga Yuli, 1946. Mahaifinta Gilbert yana aikin shagon, da dare ya ɗauki jita ya rera waƙoƙin Meksiko da ya gada. Mahaifiyarta Ruth Mary 'yar Michigan ce, ita kuma fiyano take bugawa, tana son waƙoƙin wasan kwaikwayon Ingila na da. Yara huɗu ne, duka suna waƙa. Ɗaya daga cikinsu, Peter, daga baya ya zama shugaban 'yan sandan Tucson. Linda ta sha faɗa cewa duk irin kiɗan da ba ta ji a falon gidansu ba kafin ta cika shekara goma, ba ta yarda za ta iya rera shi da gaskiyarsa ba. Na riƙe wannan magana tun ranar da na karanta ta, kuma da ita na zagaya garin.

Daga tashar muka taka da ƙafa zuwa tsohuwar unguwa, Barrio Viejo. Nan ne na tsaya cak. Gidajen na ƙasa ne, tubalin laka da aka busar a rana, bango mai kauri fiye da kamu guda, ƙofa tana buɗewa kai tsaye kan titi, an shafe su da shuɗi da ja da ruwan ɗorawa. A jikin wani gida da ake gyara, yaɓen ya ɓamɓare, na ga tubalin a fili da guntayen ciyawa a cikinsa. Na ɗora tafin hannuna, bangon da sanyinsa duk da wannan rana. Na ce wa yarinyar, "Zo ki taɓa. Irin wannan ne ɗakin kakarki a Zariya." Ta taɓa, ta daɗe ba ta janye hannun ba.

Abin da ya rage na unguwar kaɗan ne. A ƙarshen shekarun 1960 hukumar gari ta rushe babban ɓangarenta da sunan sabunta birni, aka tashi iyalai masu yawa, akasarinsu 'yan asalin Meksiko, aka gina cibiyar taro a wurin. Cikin gine-ginen da suka tashi a kan wannan kufai akwai zauren kiɗa mai ɗaukar mutum sama da dubu biyu, wanda aka buɗe a 1971. A watan Mayun 2022 aka sauya masa suna zuwa Linda Ronstadt Music Hall, ita ma ta zo bikin. Mun iske shi a rufe, ba wasa a ranar. Na tsaya a farfajiya ina karanta sunanta a jikin ginin, zuciyata ta rabu biyu. Na ji daɗin an karrama ta tana raye. Amma bayan abin da na taɓa da hannuna minti goma da suka wuce, na kasa daina tunanin matan da suka yi girki a daidai inda nake tsaye, da yadda aka kwashe musu tukwane.

A inuwar farfajiyar na ba 'yar ƙanena labarin, domin ita waƙa ɗaya kawai ta sani, wadda ta ji a wani fim na talabijin. Linda ta yi zango ɗaya kacal a Jami'ar Arizona, a ƙarshen 1964 ta tattara ta tafi Los Angeles tana da shekara 18. Ita da samari biyu suka kafa ƙungiyar Stone Poneys, a 1967 waƙarsu "Different Drum" ta shiga gari. Daga nan ta yi shekaru tana fama ita kaɗai, yau wannan kulob gobe wancan. A 1971 ta ɗauki wasu matasa su riƙa yi mata kiɗa a rangadi, cikinsu akwai Don Henley da Glenn Frey. Su ne suka fita suka kafa ƙungiyar kiɗa ta Eagles, da yardarta da goyon bayanta. Sai 1974 ƙofa ta buɗe da faifan *Heart Like a Wheel*, waƙar "You're No Good" ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a farkon 1975. Kafin shekarun su ƙare tana cika filayen wasa masu ɗaukar dubban mutane, abin da a kiɗan rok maza ne suka saba yi. Mujallar Time ta sa hotonta a bango a 1977. Ba ita ke rubuta yawancin waƙoƙinta ba. Gwanintarta ita ce ta ɗauki waƙar wani ta rera, har mai waƙar ya ji kamar aro ya yi.

Abin da ya sa nake girmama ta ya fara ne daga nan. Ta ce ba ta jin daɗin waɗannan manyan filaye, domin don ƙwallo da dambe aka gina su, sauti yana dukan bango ya dawo a dagule, mawaƙi ba ya jin kansa balle ya gyara. Mace tana kan ganiyarta, kuɗi na shigowa ta ko'ina, sai ta juya ta nufi New York wajen Joseph Papp, mai shirya wasannin kwaikwayo kyauta a dandalin Delacorte da ke cikin lambun Central Park. A bazarar 1980 ta hau wannan dandali a wasan *The Pirates of Penzance*, tsohon wasan waƙa na Gilbert da Sullivan da aka fara nunawa tun 1879. Ta fito a matsayin Mabel, 'yar wani janar, tare da Kevin Kline da Rex Smith.

Wanda bai san waƙa ba zai ɗauka sauyin riga ne kawai. Muryar da ta yi suna da ita daga ƙirji take fitowa, mai ƙarfi, mai cika fili. Mabel kuwa siririyar murya take buƙata, can sama, mai gudu tana karkarwa kamar ta tsuntsu. Dole ta koma ɗaliba, ta nemi malamin murya, ta buɗe wani sashe na maƙogwaronta da ba ta taɓa aiki da shi a bainar jama'a ba. Ga haddar magana, ga sanin inda za ka tsaya da lokacin da za ka juya, ga zama ɗaya cikin taron 'yan wasa bayan ka saba kai kaɗai fitila ke haskawa. Wasan ya karɓu har aka mayar da shi Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta New York, a watan Janairun 1981, aka sa sunanta cikin masu takarar lambar Tony ta gwanayen wasan dandamali, a 1983 kuma aka yi fim ɗinsa da ita. Kuma waɗannan waƙoƙi, in ka bi sawu, su ne irin waɗanda mahaifiyarta ke bugawa a fiyano a Tucson. A 1984 ta sake gwada wani abin da ya fi wannan wuya, wasan opera na *La Bohème*, wanda bai karɓu sosai ba. Ban ga aibu a nan ba. Wanda ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa a gaban jama'a da niyyar koyo, ni a wurina ya cancanci a tashi masa.

Akwai abu ɗaya da ban ɓoye wa yarinyar ba. A 1983 Linda ta je Sun City a Afirka ta Kudu ta yi wasa, a lokacin da mulkin wariyar launin fata ke kan ƙarfinsa, Mandela na kurkuku, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta nemi masu fasaha su ƙaurace wa ƙasar. Ta sha suka, ta kare kanta da cewa kiɗa bai kamata a yi masa shinge ba. Ni ban karɓi wannan hujja ba. Mu da muka taso muna jin yadda Najeriya ta tsaya a kan wannan yaƙi, har ma'aikata suna ba da gudummawa daga albashinsu, mun san cewa ƙauracewar tana da ma'ana, kuma mutanen da abin ya shafa su ne suka roƙa. Ina sonta, amma a wannan ta yi kuskure.

Muka yi azahar a masallacin da ke gefen jami'a, muka nemi abinci. A El Charro, gidan abincin da ke aiki tun 1922, an nuna mana wani keji na ƙarfe a saman rufi inda suke shanya yankakken naman shanu a rana. Karne seka suke ce masa. Dangin kilishi ne, sai dai babu tunkuza, kuma bayan ya bushe dakawa suke yi su soya da tumatir da albasa da barkono. Ni wake na ci da wainar alkama mai faɗi, siririya har kana ganin inuwar yatsunka ta cikinta.

Da daddare, a wani gidan abinci dabam, Allah ya haɗa mu da makaɗan mariyaci, wato kiɗan gargajiyar Meksiko. Matasa ne, wasu ba su wuce sa'annin 'yar ƙanena ba, cikin baƙaƙen kaya masu maɓallan azurfa jere a gefen wando. Masu goge huɗu, masu ƙaho biyu, da wani mai ƙatuwar jita mai tumbi da ke riƙe da gindin kiɗan. A Tucson har a makarantun gwamnati ana koyar da wannan kiɗa. Wata yarinya ta ajiye gogenta ta matso gaba, ba makirufo, ta buɗe murya. Ta riƙe wani sauti har na ji numfashina ya tsaya, sannan ta karya shi can sama kamar mai shirin kuka. Wani dattijo a teburin kusa da mu ya saki wata ƙara mai kama da guɗa, matarsa kuma tana bin baitin da leɓe, idonta a rufe.

A nan na ƙarasa labarin. Bayan dandamali, Linda ta yi faifai uku na tsofaffin waƙoƙin Amurka da ƙungiyar makaɗan Nelson Riddle, daga 1983 zuwa 1986, ta yi wancan na motar mahaifinmu, sannan a ƙarshen 1987 ta fitar da *Canciones de Mi Padre*, wato waƙoƙin mahaifina. Duka da Sifaniyanci, da manyan makaɗan mariyaci irin su Mariachi Vargas. Kamfaninta bai so ba, yana ganin ba mai saye. Sunan faifan ma gado ne: gwaggonta Luisa Espinel, wadda ita ma mawaƙiya ce, ta tattara waƙoƙin Federico a wani ɗan littafi mai wannan suna, Jami'ar Arizona ta buga shi a 1946, shekarar da aka haifi Linda. Faifan ya sayar da sama da kwafi miliyan biyu, ya ci lambar kiɗa ta Grammy, ya zama faifan da ba na Turanci ba da ya fi kowanne kasuwa a Amurka a lokacin. Ta mayar da shi wasan dandamali da kaya da rawa, ta zagaya da shi, ta kai shi har Broadway a 1988.

"Gwaggo, ashe ta iya Sifaniyanci sosai," in ji yarinyar da Turanci.

Na ce ba sosai ba. Ita da bakinta ta ce tana yarinya ta ɗauka Turanci harshen magana ne, Sifaniyanci kuma harshen waƙa, domin haka ta tarar a gidansu. Sai da ta zauna ta yi aiki a kan lafazi da ma'anar kowace kalma kafin ta shiga ɗakin ɗaukar murya, tana da shekara arba'in da ɗaya. 'Yar ƙanena ba ta ce komai ba, ta ci gaba da juya cokali a kofi.

Washegari muka nufi kudu a kan babbar hanya mai lamba 19, wadda allunanta da kilomita aka rubuta su saɓanin sauran hanyoyin Amurka. Iyakar Meksiko a Nogales kusan kilomita 100 ce daga Tucson. Ba mu yi nisa ba muka ratse zuwa San Xavier del Bac, wata farar majami'a da aka gina tsakanin 1783 da 1797 a ƙasar ƙabilar Tohono O'odham, waɗanda suka riga Sifaniyawa da Meksikawa da Amurkawa duka zama a wurin. Tana tsaye fara fat a tsakiyar hamada, hasumiya ɗaya an gama ta, ɗayar ba a ɗora mata kai ba har yau. A filin gabanta matan ƙabilar suna suya a ƙarƙashin rumfunan itace, suna miƙa ƙullin fulawa da hannu su jefa cikin mai, ya kumbura kamar fanke mai faɗi. Muka saya aka zuba mana zuma.

Muna ci na faɗa mata ƙarshen, wanda ba ni son faɗa. Tun wajen shekarar 2000 Linda ta fara jin muryarta ba ta bin umarninta. Wasanta na ƙarshe a San Antonio ta yi shi, a watan Nuwamban 2009. A 2013 ta bayyana cewa likitoci sun ce cutar Parkinson ce, kuma ko sauti ɗaya ba ta iya rerawa. Daga baya aka gano wata cuta ce mai kama da ita, da ke lalata sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi. Karramawa ta yi ta zuwa bayan nan: an shigar da ita zauren gwarazan kiɗan rok a 2014, a shekarar Shugaba Obama ya rataya mata lambar ƙasa ta fasaha, Cibiyar Kennedy ta karrama ta a 2019. Tana zaune a San Francisco. Ta ce har yanzu tana waƙa, amma a cikin kanta kawai.

Hadari ya haɗo daga kudu wajen la'asar, baƙi ƙirin, iska ta tashi da ƙura. Da kyar muka kai mota ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Bai yi minti ashirin ba ya ɗauke, sai wani ƙamshi ya cika ko'ina, na wani ɗan tsiro mai ƙananan ganye da suke kira kiriyosot, wanda ruwa ke tayar wa ƙamshi. Mutanen Tucson sun ce shi ne ƙamshin gida a wurinsu. Muka sauke gilashi muka kama hanyar Phoenix, faifan waƙoƙin mahaifin nata yana tashi a hankali daga wayar yarinyar.

Mun wuce dutsen Picacho ta miƙa hannu ta kashe kiɗan. Ta yi gyaran murya, ta haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, da Hausa: "Gwaggo, wace waƙa Hajiya take yi muku kuna yara?"

Na yi shiru na ɗan lokaci, domin rabon da in rera ta tun rasuwar Hajiya. Waƙar daka ce, wadda take yi in ita da maƙwabciyarta suna lugude a turmi ɗaya. Na fara a hankali ina buga cinyata a madadin taɓarya. Na yi baiti ɗaya na tsaya, ta maimaita. Harafin ƙ ya ƙi fita, na ce ta matse shi daga can maƙogwaro, ta sake, ta sake. A karo na huɗu ya fita daidai. Ta ce in ƙara baiti na biyu, kuma in bari ta kunna abin ɗaukar murya tukuna.